Kwas na intanet ga mai koyar da lissafi: wanne za a yi, kuma me zai canza a aji?

Wata malama da ke koyar da lissafi a ƙaramar sakandare a Aboabo, cikin Kumasi ta ƙasar Ghana, ta aiko da tambaya. Tana riƙe da B7 zuwa B9, wato aji ɗaya zuwa uku na ƙaramar sakandare, kowane aji yara sun haura sittin, makarantar ba ta da na'urar haska darasi a bango, abin da ke hannunta waya ce da kwamfutar cinya. Kullum ana turo tallan kwas a zauren WhatsApp na malamai. Tana so ta san wanne ya cancanci kuɗinta da datarta, ko NTC, hukumar da ke ba malamai lasisi, za ta ƙirga mata shi, kuma ko zai taɓa sakamakon yaranta a BECE, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare.

Malama, sannu da aiki. Tambayarki guda ce a baki, amma abu biyu ne a cikinta, kuma rashin raba su ne ke sa malamai su kashe kuɗi su tashi a tutar babu. Akwai horon da ake yi don maki, wanda da shi za a sabunta miki lasisi. Akwai kuma horon da ake yi saboda yaron da ke rubuta cewa rabi a tara da sulusi ya zama biyu bisa biyar. Wani lokaci kwas ɗaya kan biya buƙatun nan biyu, amma kada ki ɗauka haka ne sai kin bincika.

Maganar maki ba ta da tsawo. Hukumar NTC, wadda Doka ta 1023 ta shekarar 2020 ta ɗora wa rajistar malamai da ba su lasisi, ita ce ke cewa wannan horo yana da maki, wancan ba shi da shi. Tana tantance masu ba da horo, kuma shirin da ta amince da shi yana fitowa a shafin Teacher Portal Ghana inda kike da asusu. Kafin ki tura ko pesewa ɗaya, shiga can ki nemi sunan shirin da sunan mai ba da shi. In ba ki gan su ba, takardar da za su ba ki ado ce kawai, komai kyan hatiminta. Adadin makin da ake nema ya danganta da matsayinki a aiki, ana kuma tara shi ne cikin shekara uku, don haka babu dalilin gaggawa. Tallan da ya ce a tura kuɗi ta MoMo, wato ta asusun waya, zuwa lambar wani mutum shi kaɗai, ko ya ce za a ba da satifiket ko ba a halarta ba, ko ya ce yau ce ranar ƙarshe, ki bar shi ya wuce. Wajen rajista ki duba lambar lasisinki da rubutun sunanki sau biyu, domin harafi ɗaya da ya kauce ya isa ya sa ki halarci horo makin bai shiga asusunki ba. Ki ajiye rasit da hoton shaidar halarta.

Satifiket na gajeren kwas daga Coursera ko makamancinsa ba digiri ba ne, ba ya kuma ɗaga matsayi. In ƙarin takarda kike so, wannan maganar jami'a ce: Winneba, Cape Coast, ko jami'ar nan ta Tanoso da aka sani da AAMUSTED, kuma sai shirin da GTEC, hukumar kula da ilimi mai zurfi, ta tantance, GES kuma, hukumar da ke gudanar da makarantun gwamnati, ta yarda da shi ga mai irin aikinki.

To amma ba nan gizo ke saƙa ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da neman kwas. Ki fara da yaranki. Ranar Litinin ki ba ajin B7 tambaya biyar, minti goma, ba maki, ba bulala, ki gaya musu haka tun farko don kada su kwafi na juna. Ta farko 1/2 + 1/3. Ta biyu, wanne ya fi girma, 0.3 ko 0.25. Ta uku, 8 + 4 = □ + 5. Ta huɗu, 8 − 3 + 2. Ta biyar, in n lamba ce, wanne ya fi girma, 2n ko n + 2. In kin karɓi takardun kada ki yi musu jan biro. Ki ware su tuli-tuli bisa irin amsar da ba daidai ba, ki ƙirga kowane tuli.

Kowace amsa a cikinsu tana da tushe. Wanda ya rubuta 2/5 ya ɗauki lambar sama da ta ƙasa a matsayin lambobi biyu masu zaman kansu, ya tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Wanda ya ce 0.25 ya fi 0.3 yana kallon 25 da 3 ne. Wanda ya sa 12 a cikin akwatin, ko 17, ya tashi da sanin cewa alamar = tana nufin "ga amsa nan tafe", bai san tana nufin gefe biyu sun yi daidai kamar sikeli ba, kuma wannan yaron ne zai sha wuya a aljabara har ya gama makaranta. Wanda ya samu 3 maimakon 7 a ta huɗu ya haddace BODMAS, haruffan Turanci da ke nuna jerin ayyukan da ake bi wajen warware lissafi, ya ga tarawa ta riga ɗebewa a jerin haruffa, ba wanda ya gaya masa matsayinsu ɗaya ne, daga hagu ake bi zuwa dama. A ta biyar mafi yawa za su ce 2n, wai ninkawa ta fi tarawa. Kaɗan ne za su ce ya danganta da n, su gwada 1 da 2 da 3 su ga amsar tana sauyawa.

Tulin da ya fi tsawo shi ne zai zaɓa miki kwas. A ce yara ashirin da biyar cikin sittin sun rubuta 2/5, to wannan zangon karatu horonki na kan lissafin ɓangare ne, ba komai ba. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma malamin da ya yi rajistar kwas uku a wata ɗaya yawanci ba ya gama ko ɗaya.

A 1986 wani masanin ilimi na jami'ar Stanford a Amurka, Lee Shulman, ya bambanta sanin darasi da sanin yadda ake koyar da wannan darasin: wane misali ke buɗe shi, ina yara ke tuntuɓe, me ya sa. Na biyun ne kike nema, kuma cikin minti goma za ki gane ko kwas yana da shi. Buɗe darasin farko. In an ba ki lissafi an ce ki warware da kanki, aka nuna miki rubutun yara na gaske da kurakuransu, aka ce ki je ki gwada a aji ki dawo da abin da ya faru, kuma akwai mutum da zai karanta abin da kika kawo ya ba ki amsa, to wannan horo ne. In kuwa shafuka ne kawai na kalmomi masu daɗi kan "koyarwar zamani" ba lamba ko ɗaya a ciki, ki yi shi don maki in yana da maki, amma kada ki sa ran komai a aji.

Abin da zai ba ki mamaki, mafi amfanin kayan kyauta ne. TESSA, shirin da Open University ta Ingila ta kafa tare da jami'o'in Afirka, har da na Ghana, yana da darussan lissafi da aka rubuta don aji mai cunkoso marar kayan aiki, ana sauke su a karanta ba intanet. An yi su ne don firamare, amma ramin da yaran B7 ke faɗawa a firamare aka haƙa shi, don haka kada ki raina su. NCETM, cibiyar inganta koyar da lissafi ta Ingila, tana da bayanai masu zurfi kan yadda ake gina maudu'i mataki-mataki. NRICH ta jami'ar Cambridge tana da tambayoyi masu sa tunani, kowace da bayanin malami. AIMSSEC, cibiyar horar da malaman lissafi ta Afirka ta Kudu, tana da shafin Aiming High, ayyukansa da takarda da zare da tsinke ake yin su. OpenLearn, shafin Open University, na da kwasa-kwasan kyauta kan koyar da lissafi. Khan Academy kuma aikinsa daban ne: in akwai maudu'in da ke kanki ba ki zauna da shi ba, kamar lissafin yiwuwa, can za ki je ki gyara a ɓoye ba wanda ya sani. Ba abin kunya ba ne, abin kunya shi ne a tsallake babin.

Duk abin da kika ɗauko, ki ɗaure shi da manhajar NaCCA, hukumar da ke tsara manhajar karatu ta ƙasa. Lambar da kike gani irin B7.1.3 tana nufin aji bakwai, babban sashe na ɗaya wato lamba, ƙaramin sashe na uku wato ɓangare da desimal da kaso cikin ɗari, sauran lambobin da ke biye kuma su ne ma'auni da manuni. In ba ki iya rubuta irin wannan lamba a gefen aikin da kika sauke ba, ajiye shi sai wani lokaci. Ki kuma lura da kayan Amurka: awonsu inci da fam ne, suna cewa PEMDAS inda muke cewa BODMAS, wasu siffofi ma sunansu daban ne da wanda WAEC ke amfani da shi. Ki ɗauki dabarar, ki mayar da kalmomin na jarrabawarmu.

Akwai abin da babu kwas ɗin waje da zai koya miki, kuma a ganina shi ne babban jarinki. Yaron Zango yana magana da Hausa a gida, Twi a titi, yana jin Larabci a makarantar allo da Islamiyya, sannan a zo a tambaye shi lissafi da Turanci. Hausa ba ta cikin harsuna goma sha ɗaya da gwamnati ke koyarwa a makarantu, saboda haka ba za ki samu littafin lissafi na hukuma da ita ba. Amma yaron nan ya riga ya ji rabi, sulusi, rubu'i, sudusi da sumuni a bakin malamansa. Kason gado da aka ambata a Alƙur'ani shida ne: 1/2, 1/4, 1/8, 2/3, 1/3 da 1/6. Ki rubuta su a allo ki tambayi aji: wace lamba ce mafi ƙanƙanta da za a fitar da kowannensu daga cikinta ba saura? Ki ba kowane rukuni murafun kwalba talatin su gwada. Goma sha biyu za ta ba da kowanne ban da sumuni. Sai sun kai ashirin da huɗu komai zai fita. Sun gano lambar ƙasa ta bai ɗaya da hannunsu kafin ki ambaci sunanta na Turanci. Daga nan rabi goma sha biyu ne, sulusi takwas, jimla ashirin cikin ashirin da huɗu, wato 5/6.

Haka zakkar kuɗi. Malamai suna cewa rubu'in ushuri, wato 1/4 na 1/10, ya zama 1/40, shi ne kashi 2.5 cikin ɗari. A jimla ɗaya ga ninka ɓangare da ɓangare, ga juya shi zuwa kaso cikin ɗari, ga kuma hujjar cewa ninkawa ba kullum take ƙara girman lamba ba. Zakkar sidi 4,000 sidi 100 ce, yaro zai iya tabbatarwa ta hanya uku. In a ajinki akwai yaran da ba Musulmi ba, ki kawo misalin kasuwa a gefensa, gwangwanin awo na olonka da rabinsa, ko rabon riba tsakanin abokan ciniki, don kowa ya sami abin kamawa.

Wanda ya rubuta 2/5 kuwa, kafin ki koya masa hanya ki tambaye shi: biyu bisa biyar ya kai rabi? Ba shi dogayen takardu biyu masu tsawo ɗaya, ya naɗe ɗaya gida biyu, ɗaya gida biyar. Zai ga bai kai ba. To ta yaya aka ƙara wa rabi wani abu ya ragu? Wannan ruɗanin ne ke sa yaro ya saki tsohuwar hanyarsa. In kika ba shi ƙa'ida kawai, zai yi daidai wannan makon, bayan hutu ya koma gidan jiya.

Kowane misali yana da iyaka, kuma kwas mai kyau yana faɗar iyakar. Kuɗi suna warware 0.30 da 0.25, pesewa talatin ta fi ashirin da biyar, amma kuɗi suna tsayawa a gurbi biyu bayan ɗigo, don haka 0.125 sai layin lambobi. Bashi yana bayyana −3 a tara da −5, amma ba ya bayyana dalilin da −3 sau −5 ya zama 15. Wannan sai ki jera 3 × −5, 2 × −5, 1 × −5, 0 × −5, yara su ga amsar tana hawa da biyar-biyar, su ci gaba da kansu. A aljabara kuma ki guji cewa a ayaba ce, b biredi ne. Yana sauƙaƙa 3a + 2a yau, gobe yaron ya kasa gane cewa harafi lamba ne.

GeoGebra, manhajar zana siffofin lissafi wadda Markus Hohenwarter ya fara a 2001 a Ostiriya, kyauta ce, kuma in kin sauke ta a waya ko kwamfuta tana aiki ba data. Rashin na'urar haskawa ba ya hana amfani da ita. Ki raba aji rukuni shida na yara goma. Rukuni biyar suna yanke alwatika a takarda, su yage kusurwoyinta uku su jera su a kan layi miƙaƙƙe, rukuni ɗaya yana gaban kwamfuta minti biyar yana jan ƙuryar alwatika yana ganin jimlar ba ta barin 180, sai a yi musanya. Ki gwada komai daren jiya, ki cika batir, ki ƙara girman rubutu. Ki kuma tuna gani ba hujja ba ne. Hujjar tana cikin layukan da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa ba sa haɗuwa, kuma a allo da alli za ki yi ta.

Data. Awa ɗaya ta Zoom da bidiyo tana iya cin rabin gig zuwa sama da gig guda, amma in kika kashe kyamararki kika kuma tsayar da bidiyon sauran mahalarta, ya zama murya da shafin da ake nunawa kawai, abin yana raguwa ƙwarai. A YouTube ki sa 360p, wajen megabait ɗari uku a awa, kuma rubutun allo yana karantuwa, 720p kuwa yana kusan gig ko ya wuce. Ki sauke bidiyo da datar tsakar dare, wadda ta fi araha, ki kalla da rana. Ki kashe saukewar kai-tsaye a WhatsApp da sabunta manhajojin kwamfuta kafin ki haɗa ta da wayarki, domin su ne ɓarayin da ba a gani. Saboda dumsor, wato ɗauke wutar lantarki, ki fifita kwas ɗin da ke ajiye rikodin darasi a kan wanda sai an halarta kai-tsaye. In zaman kai-tsaye ne daga Ingila, agogonsu yana gaban namu da awa ɗaya daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sauran watanni lokacinmu ɗaya. Mutane da yawa sun shiga zama ana sallama saboda wannan.

Awa biyu a mako ta isa, in an raba ta uku: minti arba'in na kallo ko karatu, arba'in na warware lissafin da hannunki a takarda, arba'in na rubuta darasi guda da za ki koyar cikin kwana bakwai. Kashi na biyu ne ake yawan tsallakewa, shi ne kuma mai amfanin. Ki sa wa abin rana da lokaci tsayayye, bayan asuba ko bayan isha, kada ki fara sabon kwas a makon jarrabawa ko goman ƙarshe na azumi.

Kada kuma ki yi shi ke kaɗai. Tun da aka kawo sabuwar manhaja a 2019 aka ware wa malamai zaman PLC, wato zaman da suke haɗuwa su ƙara wa juna sani, kafin nan ma akwai horon cikin makaranta da na rukunin makarantu da JICA, hukumar ba da tallafi ta Jafan, ta tallafa wa GES a kai. A wurare da yawa zaman ya koma karanta takarda da sa hannu. Ki nemi shugaban makaranta ya ba ki minti talatin a ciki. In ke kaɗai ce mai lissafi a makarantarku, ki nemi malamai uku ko huɗu daga Asawase, Sawaba ko Akwatia Line, ku buɗe zaure ƙarami da doka ɗaya: ba a turo komai sai lissafi. Ku bi tsarin nan na Jafanawa: ku shirya darasi ɗaya tare, mutum ɗaya ya koyar, sauran su zauna a baya suna kallon littattafan yara, ba malamin ba, sannan ku zauna ku gyara, wani ya sake koyarwa a nasa ajin. Ku gayyaci SISO ɗinku, wato jami'in da ke duba makarantun yankinku, sau ɗaya, kuma a tabbata an rubuta halarta, domin irin wannan zama yana cikin abin da tsarin NTC ya san da shi.

In ba mai zuwa ya kalle ki, ajiye waya a tebur ki naɗi muryar darasi minti goma sha biyar. Da daddare ki saurara ki ƙirga abu biyu: tambaya nawa kika yi wadda amsarta ta wuce kalma ɗaya, da daƙiƙa nawa kike jira kafin ki amsa wa kanki. Binciken Mary Budd Rowe, wata masaniyar ilimi a Amurka, ya nuna malamai kan jira wajen daƙiƙa ɗaya ne, kuma in aka kai uku amsoshin yara suna tsawaita, masu magana suna ƙaruwa. Ga yaron da sai ya juya tambayar zuwa Hausa a ransa kafin ya juyo da amsa, daƙiƙa ukun nan ba ƙaramin abu ba ne. In kwas ya nemi hoto ko bidiyo, ki nemi izinin shugaban makaranta, ki ɗauki takardar yaro ba fuskarsa ba, ki rufe sunansa. Ghana tana da dokar kare bayanan mutane, Doka ta 843 ta 2012, kuma iyaye ba sa son ganin 'ya'yansu suna yawo a wayoyi.

Game da BECE, ba zan yi miki alkawarin zango ɗaya ba. Abin da za ki iya aunawa shi ne tulin nan naki. Bayan mako uku ki sake ba da tambayoyin biyar da wasu lambobi, 1/4 + 1/3 maimakon na farko, 0.4 da 0.35, 9 + 6 = □ + 7. Ki sake bayan hutu, domin a nan ake gane abin da ya zauna. In tulin ashirin da biyar ya koma goma, ki ci gaba da wannan hanya ki ɗauki tuli na biyu. In bai motsa ba, ki kira yara uku daga cikinsu ɗaya bayan ɗaya, ki ce kowanne ya faɗa miki da Hausa yadda ya yi, kada ki katse shi. Sabuwar dabarar ki fara ta da B7, waɗanda ke da shekara biyu da wani abu a gabansu. 'Yan B9 kuwa, ki nemo rahoton manyan masu duba jarrabawa da WAEC ke fitarwa, ki karanta sashen raunin ɗalibai a lissafi, ki zaɓi biyu daga ciki waɗanda suka yi daidai da abin da kike gani a littattafan yaranki, ki ba kowanne minti goma na farkon darasi har zuwa jarrabawar gwaji.